Unguwar da katafila ta cinye ta dawo a bakin mawaƙi: nazari kan Taliep Petersen da wasan District Six

Ranar 11 ga Fabrairu, 1966, gwamnatin Afirka ta Kudu ta shelanta cewa unguwar District Six da ke birnin Cape Town ta zama ta Turawa zalla. Ministan da al'amarin ke hannunsa a lokacin shi ne P.W. Botha. Cikin dubban mutanen da labarin ya faɗo wa akwai wani yaro Musulmi ɗan shekara 15, haifaffen unguwar, wanda tun yana da shekara shida yake waƙa a bikin sabuwar shekara. Sunansa Taliep Petersen. A watan Afrilun 1987, lokacin da Botha ya riga ya zama shugaban ƙasa, unguwar kuma ta zama kufai, wannan yaron da abokin aikinsa David Kramer suka buɗe wani wasan kwaikwayo na waƙa mai suna District Six a gidan wasa na Baxter, cikin birnin da aka kori mutanen daga tsakiyarsa.

Shekara 21 ke nan tsakani. Abin da ya ja hankalina a cikinsu matsala ce guda da ta tsaya wa mawaƙin a wuya: da wane irin kiɗa mutum zai ba da labarin rusau ɗin da aka yi wa mahaifarsa, alhali duk kiɗan da ke gabansa akwai tabo a jikinsa?

Unguwar da abin da aka yi mata

Sunan ba wani na alfarma ba ne. A 1867 hukumar birni ta raba Cape Town gunduma-gunduma, wannan ta faɗo a ta shida, sunan ya bi ta. Tana kwance tsakanin gindin dutsen Table Mountain da tashar jiragen ruwa, mutum na iya takawa da ƙafa zuwa wurin aikinsa a cikin gari. 'Yantattun bayi ne suka fara cika ta bayan an kawo ƙarshen bauta a yankin cikin shekarun 1830, jikokin waɗanda Turawan Holan suka kwaso daga Indonusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik. Daga baya 'yan ƙwadagon tasha suka zo, da Indiyawa 'yan kasuwa, da Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai, da 'yan ƙabilar Xhosa. Ladan na kiran salla, ƙararrawar coci na bugawa, titi ɗaya. Babban titin shi ne Hanover, mai shaguna da sinima da kasuwar kifi.

Kada a ɗauka aljanna ce. Cunkoso ya yi yawa, gidaje sun tsufa, fiye da rabin kadarorin na Turawa ne da ke zaune a wasu unguwanni suna karɓar haya ba sa gyara. Akwai 'yan daba, har da wata ƙungiya da ta yi suna, Globe. Wannan ƙazanta da hukuma da masu gidaje suka bari ta taru ita gwamnati ta riƙe a matsayin hujja, ta ce wurin matattarar cuta ce da ɓarna. Mazauna kuwa sun san fili ne mai tsada a bakin gari, ga dutse ga teku. Kuma ba a ranar aka fara ba: tun 1901, da annoba ta ɓarke, aka fake da ita aka kwashe baƙaƙen fatar unguwar zuwa wani sansani da daga baya aka kira Ndabeni.

Dokokin da aka yi aiki da su biyu ne, duka na 1950. Ɗaya ta rarraba kowane ɗan ƙasa cikin rukunin launi, ɗaya kuma, wadda ake kira Group Areas Act, ta ba gwamnati ikon cewa wannan yanki na rukuni kaza ne. Akasarin mutanen District Six an sa su a rukunin da gwamnati ta kira Coloured, wato ba Turawa ba, ba kuma baƙaƙe ba a lissafinta. An fara kwashe mutane a 1968. Takardar notis ɗin tashi da jami'ai ke kawowa, mutanen unguwa suka laƙaba mata suna "wasiƙar soyayya", irin baƙar dariyar wanda ba shi da yadda zai yi. Zuwa 1982 an kwashe mutum sama da 60,000, aka watsa su a Cape Flats, wani fili mai rairayi da iska, wasu har nisan kilomita 25 daga gari: Manenberg, Bonteheuwel, Lavender Hill, Mitchells Plain. Ɗaya daga cikin sababbin unguwannin aka sa mata suna Hanover Park, sunan titin da aka rushe. Katafila ta bi gida-gida, ba ta bar komai a tsaye ba sai masallatai da coci-coci da 'yan gine-gine ƙalilan. Sunan unguwar ma aka sauya shi zuwa Zonnebloem.

Noor Ebrahim, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin masu zagayawa da baƙi a gidan tarihin unguwar, ya sha ba da labarin tattabarunsa. Da ya koma unguwar Athlone da ke Cape Flats ya tafi da su wajen hamsin, ya tsare su wata uku don su saba da sabon gida. Ranar da ya sake su, magariba ta yi babu ko ɗaya. Washegari yana kan hanyar aiki ya bi ta tsohuwar unguwa, sai ga su a zube a kan filin da gidansa yake a da, a titin Caledon, babu bango babu rufi. Duk mai kiwon tattabara ya san abin da wannan ke nufi.

Kiɗa biyu, kowanne da tabonsa

Wanda bai san Cape Town ba zai yi mamakin jin cewa District Six tana da ƙungiyar opera tata. Opera ita ce wasan kwaikwayon Turai da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa masu yawa na raka muryoyi. Wata Baturiya, Helen Southern-Holt, ta kafa ƙungiyar Eoan a unguwar a 1933, kuma a 1956 suka gabatar da La Traviata da Italiyanci a babban zauren birni, a ƙarƙashin jagorancin Joseph Manca. Mawaƙan ba ƙwararru ba ne masu albashi, ma'aikatan masana'anta ne da malaman makaranta da masu sana'ar hannu da ke zuwa atisaye bayan an tashi aiki. Sun ba da mamaki. Amma ƙungiyar ta karɓi kuɗi daga ma'aikatar gwamnati mai kula da rukunin Coloured, da sharaɗin bin dokokin raba 'yan kallo, sai 'yan gwagwarmaya suka juya mata baya, suka ce ta zama 'yar amshin Shatan masu wariya. Ita ma rusau ɗin bai bar ta ba, a 1969 ta koma Athlone. Ke nan a idon jama'a da yawa, opera kiɗa ne mai daraja amma wanda ya ci gishirin gwamnati.

Ɗaya kiɗan shi ne na titi, wanda Petersen ya tashi a cikinsa. Kowace ranar 2 ga Janairu, ranar da ake dangantawa da hutun da bayi ke samu sau ɗaya a shekara, ƙungiyoyin Klopse kan fito da tufafi masu ƙyalli da 'yan laimomi, fuska a shafe da fenti, suna zaga gari. Gangarsu ita ce ghoema, wadda asali ake haɗa ta da katakon gangar ruwan inabi a ɗaure mata fata a baki ɗaya. Akwai kuma ƙungiyoyin mawaƙan Malay (sunan da ake kiran Musulmin Cape da shi), maza zalla, masu rera tsofaffin waƙoƙin Holan da wani lanƙwasa murya da suke kira karienkel; kunnen Bahaushe in ya ji zai tuna masu ƙira'a da masu bege. Suna da moppie, waƙar barkwanci da habaici. To amma shafa fenti a fuska an aro shi ne daga 'yan wasan Amurka da suka ziyarci Cape a ƙarni na 19, waɗanda sana'arsu ta samo asali daga kwaikwayon baƙar fata don Turawa su yi dariya. Saboda haka 'yan boko da 'yan siyasar al'ummar suna ƙyamar bikin. A ganinsu talaka ne ke rawa yana washe baki don mai zaluntarsa ya ce ai ga shi suna cikin jin daɗi.

Petersen ya zaga kafin ya yanke shawara. A shekarun 1970 ya shiga wasannin waƙa na Turawa irin su Hair da Godspell, ya ga yadda ake gina labari a dandamali da waƙa. Ya tafi Ingila ya karanci jita a makarantar kiɗa ta Fitznell. Wanda ya yi wannan tafiya yana iya dawowa ya raina gangar gidansu, mun ga irinsu da yawa. Shi da ya dawo, abin da ya fara rubutawa shi ne wani wasa kan bikin sabuwar shekarar District Six, sannan ya kafa ƙungiya mai suna Sapphyre da ke sabunta waƙoƙin Malay na gargajiya. Karatun waje bai sa ya canja kaya ba, ya dai koyo ɗinki.

Haɗuwa da Kramer

David Kramer Bature ne, an haife shi a 1951 a garin Worcester, cikin yankin gonakin inabi. Ya karanci zanen yadi a Leeds ta Ingila, amma waƙa ta ɗauke shi. Ya yi suna da jajayen takalma da tsohon keke da waƙoƙin da ke tsokanar rayuwar Turawan ƙauye, har gidan rediyon gwamnati ya haramta faifansa na farko. Sun san juna da Petersen tun tsakiyar shekarun 1970, amma sai a 1986 suka zauna aiki tare. A tsawon tarayyarsu Kramer ya fi ɗaukar nauyin labari da baitoci, Petersen kuma kiɗa da tsara muryoyi.

Shekarar kanta abin dubawa ce. A watan Yunin 1986 Botha ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasa, ana kama mutane dubbai ba shari'a, jaridu na fitowa da gurabe da aka share. A irin wannan yanayi Bature da ɗan unguwar da aka rushe suka zauna rubuta wasa kan aikin da shugaban ƙasa mai ci ya ƙaddamar da hannunsa. Wurin da za a nuna shi ma sai an zaɓa. Babban gidan wasan gwamnati na birnin, Nico Malan, an buɗe shi a 1971 don Turawa kaɗai, kuma ko bayan an sassauta mutane da yawa sun ƙi taka shi. Baxter kuwa, wanda aka buɗe a 1977 a ƙarƙashin Jami'ar Cape Town, ƙofarsa a buɗe take ga kowa tun ranar farko.

Sai batun harshe. Bayan boren ɗaliban Soweto na 1976, duniya ta san Afrikaans a matsayin harshen azzalumi. Amma a Cape labarin ya fi haka tsawo. Harshen ya girma ne a bakin bayi da barori, kuma cikin rubuce-rubucensa na farko akwai waɗanda malaman Musulunci suka yi da haruffan Larabci a makarantunsu, ajami ke nan kamar namu. Mutanen District Six suna da karinsu, Kaaps, wanda ke tsalle daga Afrikaans zuwa Turanci a cikin jimla ɗaya. Masu ilimi suna ganinsa gurɓataccen harshe. Da shi aka sa 'yan wasan su yi magana.

A ganina nan ne ƙashin bayan aikin yake. Petersen da Kramer ba su shirya zaman makoki ba, ba su kuma yi lacca ba. Labarin na matasa ne masu burin zama mawaƙa, da soyayya da kishi, da wani shugaban 'yan daba mai suna Nines, da masu talla da 'yan zaman kashe wando a bakin titi, sanarwar gwamnati kuma na rataye a kansu kamar hadari. An sa ɗan kallo ya yi dariya, ya kaɗa ƙafa da ghoema, ya saba da mutanen har ya san halin kowa, sannan aka rushe masa su a gaban ido. Da an fara da kuka, da ɗan kallo ya tausaya daga nesa. Da aka fara da raha, sai ya zama shi ma an yi masa rashi. Kiɗan da ake cewa na washe baki ne, shi ya ɗauki gawar.

Abin da ya biyo baya

Wasan ya karɓu fiye da zaton masu shi. An nuna shi fiye da sau 500, ya je Johannesburg, a 1988 kuma ya je bikin wasanni na Edinburgh a Scotland. Hukumar rediyo da talabijin ta gwamnati, SABC, ta hana sa wasu daga cikin waƙoƙinsa, wanda hakan ya nuna ta fahimci saƙon sarai duk da rahar da aka lulluɓe shi da ita. Mafi muhimmanci, tsofaffin mazauna unguwar sun riƙa zuwa daga Cape Flats suna cika kujeru. Mutanen da aka watsa gabas da yamma, maƙwabcin shekara talatin ya ɓace wa maƙwabcinsa, suka sami zaure guda da ake kiran sunayen titunansu da ƙarfi.

Akwai suka, kuma ba ta banza ba ce. Wasan waƙa yana da halin zuba wa komai sukari. Ɗan daban da ke rawa a dandamali ba shi ne wanda ke tare mutum da wuƙa a lungu ba, ɗakin da mutum goma ke kwana a ciki ba ya wari a gidan wasa. Bature ɗan kallo yana iya zuwa ya share hawaye, ya tafa, ya koma gidansa a unguwar da doka ta keɓe masa, ransa fes. Akwai kuma tambayar wa ake tunawa: labarin District Six yakan fito a matsayin na rukunin Coloured, a manta da baƙaƙen da aka fara kora tun 1901 da waɗanda aka tura Langa da Gugulethu daga baya. Na yarda da rabin wannan suka. Inda na rabu da ita shi ne, hujjar gwamnati tun farko ita ce wurin juji ne, babu abin asara a cikinsa. Wanda ya zo ya nuna cewa akwai maƙwabtaka da kiɗa da harshe da barkwanci, ko da ya ƙara gishiri, hujjar rusau ɗin yake rushewa. Gwamnati ta riga ta yi shekara ashirin tana ba da labarin ƙazantar, ba ta buƙatar taimakon mawaƙi.

Wasan bai fito shi kaɗai ba. A daidai lokacin kamfanin mai na BP ya kawo shirin sake gina wurin, tsofaffin mazauna da 'yan gwagwarmaya suka kafa gangamin Hands Off District Six, suka ce kada wanda ya taɓa filin sai masu shi sun dawo. In ban da kwalejin fasaha da gwamnati ta gina wa Turawa a wani sashe, akasarin filin ya zauna fayau, ciyawa da ɓaraguzai a tsakiyar birni mai tsadar ƙasa. Daga wannan gangami aka haifi gidan tarihin District Six, wanda aka buɗe a Disambar 1994 a wata tsohuwar cocin Methodist da ke titin Buitenkant. An shimfiɗa taswirar unguwar a daɓen ƙasa, tsofaffin mazauna na durƙusawa su rubuta sunan gidansu a inda yake. Allunan sunayen titunan da ke rataye a ciki, wani shugaban leburorin rusau ne ya ɓoye su, bayan an umarce shi ya zubar da su a teku. Ba zan ce wasan ne ya haifi wannan duka ba. Ya dai kai maganar kunnen dubban mutanen da ba za su taɓa zuwa taron siyasa ba.

Petersen da Kramer ba su bar unguwar ba. Cikin 'yan wasansu akwai wani tsohon mawaƙi, Salie Daniels, wanda ya yi tashe a District Six a shekarun 1950. Daga rayuwarsa suka gina Kat and the Kings, labarin samari masu haɗa murya da launin fatarsu ya tare musu hanya. Wannan ya je Landan, a 1999 ya ci kyautar Olivier ta sabon wasan waƙa mafi kyau, aka kuma ba 'yan wasan gaba ɗayansu kyautar gwarzon ɗan wasa, a shekarar kuma ya hau dandamalin Broadway a New York. Aikinsu na ƙarshe, Ghoema, ya koma can baya, zuwa jiragen bayi da asalin gangar kanta.

Gidaje kuwa, tafiyar hawainiya suke. An soke dokar raba unguwanni a 1991, aka yi dokar mayar da filaye a 1994. Sai ranar 11 ga Fabrairu, 2004, shekara 38 cif bayan shelar Botha, Nelson Mandela ya miƙa makullai ga mutum biyu na farko da suka dawo, Ebrahim Murat da Dan Ndzabela, dukansu sun haura shekara 80. Shekara 15 bayan wannan biki, gidajen da aka kammala ba su kai 200 ba, masu jiran layi kuma suna ta mutuwa. A ƙarshen 2019 aka mayar wa unguwar sunanta a hukumance.

Petersen bai ga dawowar sunan ba. Daren 16 ga Disamba, 2006, aka harbe shi a gidansa da ke Athlone, yana da shekara 56, daidai lokacin da ake nuna Ghoema a Landan. Kotu ta sami matarsa da hannu a kisan, ta yanke mata ɗaurin shekara 28.

A 2016, da shelar ta cika shekara 50, Kramer ya shirya wani sabon wasa da waƙoƙin da suka yi tare, ya nuna shi a gidan wasa na Fugard da ke bakin tsohuwar unguwar. Ya sa masa suna District Six Kanala. Kanala kalma ce ta Musulmin Cape, ita ake faɗa in za a roƙi maƙwabci aron gishiri ko a ce ya zo ya taya ɗora rufi ba da lada ba. Ana danganta asalinta da wata jimlar harshen Malay, karena Allah, wato don Allah.